Littattafan da Auta ta Naɗe a Leda

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ya jikin Baba? Allah ya sa aikin idon nan ya zo da sauƙi. Na zaɓi rubutu maimakon kiran waya ne saboda ka san kunnen Baba, tun da idonsa ya fara ja da baya, ko raɗa aka yi a ƙofar gida sai ya tambaya gulmar wa ake yi.

Ruwan shekaranjiya ya so ya yi mana ɓarna. Rufin ɗakin karatun Baba ya fara yoyo daidai saman kantar tsofaffin littattafansa, na tsuntsaye da na tsirrai da na taurari, waɗanda ya shekara arba'in yana bin gwanjo da gidajen magada yana tarawa. Ruwa bai taɓa ko ɗaya ba, sai dai na ji sun yi sanyi a hannu. Ban yi wata-wata ba. Na sayo leda mai kauri, na naɗe kowanne shi kaɗai, na bi bakin da salatif yadda ko iska ba za ta shiga ba, na jera su sittin da biyu cif a akwatin ƙarfen marigayiya Inna, na kulle. Kai da kake cewa Auta ba ta iya komai ba sai surutu, sai ka zo ka ga aiki.

Kada ka faɗa masa. Mu da ya haifa ma sai mun wanke hannu muke taɓa su, in ya ji na kwashe su hankalinsa ba zai kwanta ba. Ranar da ya dawo da idonsa garau zan buɗe masa ya ga ko ƙura babu.

A gaishe min da mutanen gida.
Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da daɗewar amsa.

Ba zan ja ki da nisa ba. An yi aikin har sau biyu cikin wata ukun nan, bai yi ba. Likita ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu. Baba ya karɓi maganar fiye da yadda ni na karɓe ta. Abin da ya ce kawai, "To, an tashi makaranta." Kin san bakinsa na tsohon malami.

Kullum sai ya tambaya ko kina buɗe tagar ɗakin karatunsa da hantsi kamar yadda ya saba. Ina ce masa kina buɗewa. Ƙarshen wata mai zuwa zai dawo gida, ya ce ko ba ya gani yana so ya zauna a cikin littattafansa. Ki fito da su ki jera yadda suke, musamman babban na tsuntsaye mai jan bango, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana lallashin wani tsohon likita kafin ya sallama masa.

Allah ya ba mu haƙuri.
Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Ban san ta inda zan fara ba.

Na buɗe akwatin jiya. Warin da ya buge ni ya isa ya faɗa min komai tun ban yage ledar farko ba. Fumfuna ce, baƙa da kore, ta cinye su daga ciki. Wasu in ka ɗaga shafi sai ya biyo yatsanka kamar jiƙaƙƙen burodi.

Na kwashe su na kai wa Mai-bango, abokin Baba mai gyaran littattafai. Ya shimfiɗa su a teburinsa ɗaya bayan ɗaya, yana duba kowanne. Can ya ce, "'Yata, wa ya sa su a leda?" Na ce ni ce. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Takarda numfashi take yi. Sun sha danshin ɗakin, da kin bar su a iska da sun amayar da shi cikin kwana biyu. Kin rufe su da ciwonsu a ciki." Bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi.

Tara ne za su rayu. Na tsuntsayen ya manne ya zama dunƙule guda, ya sa siririyar wuƙarsa a hankali ya raba shafi biyu, sai ga rabin zalɓe a nan, rabi a can. Littafin da ya fi shekara ɗari da hamsin yana yawo hannu zuwa hannu ba abin da ya same shi, sai da ya zo hannuna. Garin neman gira na rasa ido, Yaya. Ka faɗa min yadda zan dubi Baba.

Auta.

*

Auta,

Na karanta. Abin da ya faru ya faru, kuka ba zai raba shafi ba.

Ga shawarata, kuma ki bi ta. Ba za a faɗa masa ba. Mutumin da ya rasa ido wata ɗaya da ya wuce ba za a ɗora masa wannan ba, ga zuciyarsa da likita ya ce a lallaɓa. Kin ce ciki ne ya lalace, to bangon fa? Ki roƙi Mai-bango ya cire bangayen ya tsabtace su, ya ɗinka farar takarda a ciki daidai kaurin kowanne, a mayar kan kanta. Baba ba karantawa zai yi ba, taɓawa kawai zai yi.

In akwai zunubi a ciki, na ɗauka.
Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau kwanan Baba goma a gida.

Mai-bango ya ƙi da farko. Ya ce shekara talatin yana yi wa Baba aiki bai taɓa sa masa ko zare na ƙarya ba. Sai da na durƙusa ina kuka a shagonsa sannan ya ce in tashi, zai yi don ni. Aikin ya yi kyau har abin ya ba ni tsoro.

Ranar da Baba ya iso, ko ruwa bai sha ba ya ce in kai shi ɗakin. Ya bi kantar da hannu yana kiran sunayensu kamar mai kiran rajista, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya zaro mai jan bangon, ya zauna, ya buɗe tsakiya. Na ga yana zagaya gefen shafin da babban yatsa, ya juya wani ya sake zagayawa. Ya ce, "Auta, wane tsuntsu ne a nan?" Na dubi farar takarda fes, na ce zalɓe ne, Baba. Ya ce, "Yana tsaye da ƙafa ɗaya?" Na ce e. Ya ce, "Madalla." Ya rufe, ya miƙo min.

Ina ganin dabararka ta yi. Ni ce dai ban yi ba. Ba na iya zama kusa da shi. In na kai abinci sai in ajiye in ce na bar tukunya a wuta. Da can ni ke karanta masa jarida muna musu har shayinsa ya huce, yanzu rediyo nake kunna masa in fice. Duk sanda ya ce "Allah ya yi miki albarka" sai in ji kamar na sata.

Ƙanwarka, Auta.

*

Zuwa ga babban ɗana,

Bayan sallama da sa albarka. Mai-bango ne ke rubuta min, in ka ga rubutun ya karkace laifin tsufansa ne, ba nawa ba.

Ku yara kun ɗauka makaho wawa ne. Zanen da ke cikin tsofaffin littattafan nan da farantin tagulla aka danna shi, saboda haka kowane zane yana da ɗan gurbi a kewayensa wanda yatsa ke ji. Na shafa na ji sumul kamar littafin ɗan aji ɗaya. Na matsa wa wannan tsohon, ya faɗa min komai, yanzu haka yana rubutu yana jan hanci.

Na yi baƙin ciki, ba zan ɓoye maka ba. Kwana uku abinci bai yi min daɗi ba. Amma wanda ya rasa idon karatu, kukan takarda na mene ne? Kuma laifina ne. Shekara arba'in ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ganye ke numfashi, ban taɓa zaunar da tawa 'yar na koya mata yadda ake ajiye littafi ba. "Kada ki taɓa" kawai na iya.

Abin da ke cina yanzu Auta ce. Tana ajiye kwano tana gudu kamar na zama dodo. Ina jin takunta ya zo ƙofa ya tsaya, ya juya. In na fara yi mata maganar, kunyar ƙaryar da ta yi min za ta ƙara kore ta, na san halinta. Kai take jin maganarka. Ka sake ta daga alƙawarin da ka ɗaura mata, ka ce ta zo ta faɗa min da bakinta, in samu in ce mata ba komai, ta dawo ta zauna. Kada ka ja lokaci, jikin nan ba kamar da ba.

Mahaifinka.

*

Auta,

Ya ƙarin haƙuri. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ranar da muka dawo daga binne shi kin ce min abu ɗaya ne ya sanyaya miki rai, wai ya tafi bai sani ba. Ya sani. Ga wasiƙarsa nan na haɗo miki. Ta iso hannuna kwana goma sha shida kafin rasuwarsa. Na karanta, kunya ta kama ni domin ni na kitsa abin, na sa ta a aljihun tebur na ce sai na zo da kaina ƙarshen wata mu yi maganar mu uku.

Kwana goma sha shida yana sauraron takunki a ƙofa, yana zaton na faɗa miki.

Ban ce ki yafe min ba. Ki dai karanta.
Yayanki.