Ƙarfen da Ke Gwangwanin Badi'a

Sharaɗa, Kano
Talata

Zuwa ga Sauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Badi'a. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara musu sauƙi, Ya ba ki ladan jinya. Tunda waya ba ta shiga garinku sai an hau tudu, ga takarda ta hannun Baffa direba.

Saƙon Inna ya iso gare ni, cewa ba za su bari a ɗauki jikarsu da asuba a motata ba. Ban ji haushi ba. Ni ma ban manta bara ba, da sanyin hanya ya tayar mata da sikila, tun daga Gumel take kukan ciwon ƙashi, muka kwana tara a asibiti. Amma likita ya sa mata Litinin ƙarfe takwas na safe a nan Kano, in ta wuce mu sai bayan wata huɗu. Ba za ta wuce mu ba, in sha Allahu.

Jiya na kunna hitar da ke ɗumama cikin motar, iska ta fito kamar an buɗe firji. Kunya ta kama ni. Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa kamfani ruwan rini, amma na kasa ɗumama yarinya ɗaya. Da aka tashi hutun rana na buɗe bonet, na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu, yadda nake bin bututun wurin aiki. Sai na tarar tiyo biyun da ke kai ruwan zafi cikin mota an zare su, an haɗe bakinsu da juna.

Sauda, bara na ce miki haka na sayo motar. Ƙarya na yi. Ranar da na kai ta garejin Malam Ɗayyabu, ya ce motar ƙasar sanyi ce, a Kano kowa cire waɗannan tarkacen yake kada inji ya yi zafi. Ina tsaye ina cin gyaɗa na ce ya cire. Ki yafe mini.

Ki gaida Inna da kyau.
Mijinki, Kamilu

Alhamis

Sauda,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma Badi'a na shan maganinta da ruwa da yawa.

Na mayar da tiyo, na wanke hanyar ruwan, tsatsa ta yi ta fita ja wur. Na kunna da murna, sai ɗan ɗumi kamar numfashin mage. Allurar zafin inji ko motsi ba ta yi. Ashe har da tamosta Malam Ɗayyabu ya cire, wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ke tsare ruwa sai ya yi zafi kafin ya sake shi.

Na je kasuwar Ƙofar Ruwa nema. Mai shagon har da dariya, wai shi masu cirewa ya sani, bai taɓa ganin mai mayarwa ba. Biyu na samo. Ɗaya ya yi girma, ɗayan na tsoma shi a tafasasshen ruwa a wurin aiki ya ƙi buɗewa. Da na sa shi, da na ƙona injin a hanya.

Ina sallar la'asar abin ya faɗo mini, Allah Ya yafe mini. Ranar da aka cire na motar, Badi'a na tare da ni, ita ta tsince shi a ƙasa. Shi ne abin nan da take kira tukunyarta, yana cikin gwangwanin madarar da take tara murafen kwalba. Don Allah ki lallashe ta, kada ki ƙwace. Ki ba Baffa gobe.

Naki, Kamilu

Asabar

Sauda tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, ina gaida Inna.

Saƙo ya iso, ƙulle a tsohon ɗankwalinki. Na karanta inda kika ce ta bayar ba ko hawaye, amma ta ce aro ne. Na ji.

Na gwada shi a ruwan zafi, ya buɗe tsaf. Na ɗaura, na bar murfin lagireto a buɗe inji na aiki har kumfar iska ta gama fita. Yau bayan asuba, da sanyi ya fi tsanani, na kama hanyar Challawa don gwaji. Kafin Zawaciki na cire rigar sanyi, gumi nake.

Gobe da hantsi ina tafe. Ki roƙi Inna, ko da sanda ne su fito su sa hannunsu a bakin iskar, su yanke hukunci da kansu.

Abu ɗaya ne ya sa na tsaya a gefen titi na kifa kai a sitiyari. Na tuna bara, da take karkarwa a kujerar baya kina rufa mata zaninki. Gwangwanin nan yana kan cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu.

Ki ce mata tukunyarta ta dafa.

Mijinki mai kewarku,
Kamilu Baban Badi'a