Ƙarfen Goyo

Ɗakunan baya, gidan Alhaji,
Nassarawa GRA, Kano.
Disamba, 1975.

Zuwa ga Yayana Ya'u, Sarkin Dawan Tudun Baushe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewar gida, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Aishatu da yara, kuma an gama shigar da amfanin gona lafiya. Mu nan lafiya lau. Rabi ta fara makaranta, har tana gyara mini rubutu.

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso ta bakin direban motar kasuwa, cewa bana ba ka sa Baban Rabi cikin masu shiga dawa ba. Shi ma ya ji saƙon. Ya sauko da adakarsa, bindigar farautarsa, ya goge ta, ya mayar ya rataye, ya koma bakin ƙofar da yake gadi ya zauna. To ni zan yi magana, tunda shi kunyarka yake ji, ni kuwa ciki ɗaya muka fito.

Na san dokarku, duk wanda ya shiga daji sai ya ɗauko rabonsa na kaya ya fito da shi. Na kuma san wuyansa. Ni na yi jinyarsa da buhun siminti ya kuɓuce daga kan mota ya faɗo masa a kai a wurin wani gini a unguwar Badawa, kuma da kunnena na ji likita ya ce ko bokitin ruwa kada ya sake ɗorawa a kansa, in dai yana son hannuwansa. Amma Yaya, wuya ne ya lalace. Idonsa na nan, ƙafarsa na nan, bayansa kuwa ya fi na samarinku ƙwari.

Baturen da ya zauna a gidan nan kafin Alhaji ya saye shi mai son farauta ne. Da zai tafi ya bar tarkace a gareji, Alhaji ya ce a kwashe a zubar. A ciki na tsinci wani ƙarfe na alminiyam, kamar ƙaramin tsani, da maɗaurai biyu na kafaɗa da ɗan dandamali a ƙasa. Kuku ya ce a kansa Baturen yake ɗaure nama ya rataya a baya. Ba nauyi, Rabi ma ta ɗaga shi da hannu ɗaya. Mun ɗaura masa buhun gero, Baban Rabi ya zaga gidan nan da shi har bayan lambu, wuyansa ko a jikinsa.

Shekara guda mutumin nan yana buɗe wa Marsandi ƙofa yana rufewa. Abin da ke riƙe da shi kawai shi ne rani zai zo ya shiga daji ya ji ana kiransa maharbi. In ka cire masa wannan, ban san wanda za ka bar mini ba. Dokarku ta ce a ɗauko kaya, ba ta ce a kai ba.

Ka gaida kowa. Allah ya ƙara maka lafiya.

Ƙanwarka,
Raliya.

Nassarawa GRA, Kano.
Janairu, 1976.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ciwon ƙafar Yaya Aishatu ya yi sauƙi. Ga man zafi nan na ba direba, ta riƙa shafawa.

Amsarka ta zo, kuma ta iske ni a tsaye. Ka ce namiji a kai yake ɗaukar kaya, mata ne ke goyo, kuma ba za ka shiga gari ana kiɗan maharba da mijin ƙanwarka a bayanka ya yi goyon nama kamar mai jego ba. Na ji har an riga an liƙa masa suna a dandali, wai Mai Goyo. Nan ma haka, direbobin unguwar nan suna leƙowa ta kan katanga suna tambayarsa yaushe ne suna. Su yi ta yi. Goyon da kuke dariya, shi ya raine ku duka, har da kai, don Inna ta sha ba mu labarin nauyinka.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙarfen ya ba mu kunya da farko. Maɗauran kafaɗa sun daɗe a gareji sun ruɓe, ɗaya ya tsinke, ɗayan ya yanka masa kafaɗa har jini. Da muka gwada shi da buhun siminti, dandamalin ya lanƙwashe, ƙusa biyu suka yi tsalle. Ga shi yana ƙara in ana tafiya, ƙiiƙi-ƙiiƙi, ko kurmar gada sai ta ji. Na san labarin zai zo maka, gara ka ji daga bakina.

Na sa ya kai shi Kaura Goje wurin Fabian mai walda, mutumin Kafanchan, mijin Malama Milka da muke maƙwabtaka. Ya ce wutarsa ba ta kama alminiyam, sai dai ta cinye shi. Sai ya yanko bututun tsohon keke ya zura a gaɓoɓin, ya tokare dandamalin ta ƙasa, ya datse saman da ya wuce kai don kada ya riƙa kama reshe. Baban Rabi ya jiƙa kiri, igiyar fata, ya naɗe kowace mahaɗa, da ya bushe ya kama kam. Ƙarar kuwa robar tayar keke ce ta kashe ta.

Duk da haka yana gama zagaye sai ya ce kafaɗa na jan wuya. Maza uku, shi da Fabian da Kuku, suka tsaya a kan abin suna ta shawara, ni ina daga ɗaki ina dariya. Wace mace ce ke goyo da kafaɗa? A ƙugu nauyi ke zama. Na ɗauko majanyin Rabi na ninka, Malama Milka ta haɗa shi da tamfol a kekenta, muka yi ɗamara mai faɗi muka ɗaura a ƙasan ƙarfen. Ni na ja masa ita da hannuna kamar yadda ake ja wa yaro. Ya miƙe ya taka, sannan ya ce sai ka ce an rage rabin kayan.

Tun daga ranar kullum da safe yana goya buhun siminti ya kai har gaban Badawa ya dawo. Ba abin da ya motsa, ba abin da ya tsage. Har jefar da ƙarfen muka yi daga kan tankin ruwa da kaya a jiki, ya tashi lafiya.

Ka bar shi ya zo. In ƙarfen ya karye a daji, ni da bakina zan ce ya haƙura.

Allah ya bar zumunci.

Raliya.

Nassarawa GRA, Kano.
Fabrairu, 1976.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gida. Wannan gajeriya ce, direba na jira.

Na gode da ka yarda ya zo. Tun da saƙon ya iso yake ta harhaɗa albarushi yana waƙa, har Hajiya ta tambaye ni ko an yi mana albishir ne. Alhaji ya ba shi hutu.

Amma sharaɗinka ban yarda da shi ba, kuma ba zan yarda ba. Ka ce ya yi goyonsa a daji inda ba mai gani, in an iso tsamiyar bakin gari ya kwance, ya yi gammo ya ɗora a kai kamar kowa har ƙofar gidanka. Ka ce ai tafiyar ba nisa. Yaya, buhun da ya karya shi daga kan mota zuwa kansa kawai ya yi tafiya. Likita bai ce kada ya yi nisa da kaya ba, cewa ya yi kada ya ɗora.

Na sa ya yi mini alkawari ba zai kwance ba. Ya yi, amma idonsa na ƙasa. Na san shi. Kai ka ɗauke shi yana maraya ka koya masa bin sawu, kai ka ba shi ni. Ko wuta ka ce ya taka a gaban jama'a, takawa zai yi. Shi ya sa nake rubuto maka, kai ne za ka iya janye maganar. Da Hajiya ba ta kusa haihuwa ba, da ƙafata ƙafarsa, in tsaya a gindin tsamiyar in ga mai kwance ɗamarar da na ɗaura.

In 'yan dandali sun yi dariya, ka turo su wurina. Na ba ka amanarsa.

Ƙanwarka,
Raliya.

Nassarawa GRA, Kano.
Maris, 1976.

Zuwa ga Sarkin Dawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ina gaisuwa ne don an koya mini gaisuwa. Ka gaida Yaya Aishatu, na ji ita kaɗai ta ce a bar shi da goyonsa.

An sallame mu daga asibiti. Yana tafiya da ƙafarsa, alhamdu lillahi, yana ci yana magana. Hannun dama ne bai dawo ba. Yana nan a rataye, in na tsikare shi da allura kallona kawai yake yi. Likita ya ce a jira a gani, amma na ga fuskarsa sa'ad da yake faɗa.

Ya ba ni labarin komai, kuma ko sau ɗaya bai ambace ka da mugun abu ba. Ya ce shi ya harbi gwanki. Ya ce an ɗaura masa cinya da haƙarƙari, kayan da a da sai mutum biyu, ya taso da su tun hantsi, ya haye duwatsu, ya ratsa sarƙaƙiya, ya tsallake rafi, samari na saukewa suna hutawa shi yana tsaye yana jiransu. Ya ce a gangare ya zame ya faɗi da baya, ya tashi ya duba, ko kiri ɗaya bai saki ba. Da yake faɗar wannan murmushi yake yi, Yaya, a kan gadon asibiti.

Sai kuka iso tsamiya. Makaɗa sun fito, mata sun cika bakin hanya. Ya ce cire rawaninka kawai ka yi ka naɗe shi gammo ka miƙa masa. Yana ganin girmamawa ce, kuma na yarda a ranka haka kake nufi. Mutum biyu suka ɗaga suka ɗora masa. Ya ce tun a takun farko ya ji abu ya tsarga masa daga ƙeya har yatsu, amma ana yi masa kirari, ga ka a gaba, sai ya cije. Ya kai ƙofar gidanka bai yar ba. Da aka sauke, ya kai hannu zai karɓi ruwa, ƙwaryar ta faɗi.

Direba ya kawo mini ƙarfen tare da shi. Fabian ya juya shi ya duba ko'ina, ya ce ko gobe a ɗora masa wani gwankin. Yini guda ya ɗauki mijina da kayansa ya fito da su daga daji lafiya. Tsakanin tsamiya da ƙofar gidanka ne aka kasa.

Kada ka zaci na jefar da shi. Malama Milka ta sauya maɗaurin ɗamarar yadda hannu ɗaya zai iya ja. Jiya ya goya buhun masarar Hajiya daga bakin titi ya shigo da shi da rana tsaka, direbobi na kallo, ba wanda ya buɗe baki. Da shi zai yi cefane, da shi zai zo gida da Sallah, ta tsakiyar dandali, ina gefensa. Mai son dariya ya tanadi haƙoransa.

Ƙunshin kilishi da ka aiko ya iso, da saƙon cewa maharba sun zauna sun yarda Baban Rabi ya cika namiji, an daina kiransa Mai Goyo, kuma gurbinsa na nan duk shekara ba mai taɓa shi. Na faɗa masa don haƙƙinsa ne ya ji. Ya yi murna, har ya ce in sauko masa da adakar. Na sauko da ita na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce in mayar.

Kilishin na ba direba ya dawo maka da shi, ban kwance ba. Raina a ɓace yake, kuma ban san ranar da zai huce ba. Gurbin kuwa ka riƙe shi da kyau, Yaya, ka ba wanda yake da yatsan jan kunamar bindiga.

Allah ya ba mu lafiya, mu da ku.

Ni ce,
Raliya, matar Mai Goyo.