Mutum Ɗaya Ya Rage Mana a Doha

Zuwa ga Shugaban uwar ƙungiyar ɗaliban jiharmu, a gida Najeriya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Sunana Nafi'u, ina karatun digiri na uku a Doha. Na rubuto a fili ne saboda sau huɗu ina aiko takarda ofishinka, ko "mun gani" ban samu ba.

Na ɗaya. Shekara shida ke nan da kuka rufe reshen Doha saboda rigimar zaɓe da ta kai ga dambe. Ban ce kun yi kuskure ba. Amma masu damben sun gama karatu sun watse. Mu ko fuskarsu ba mu sani ba.

Na biyu. Bara wani ɗalibi ɗan jiharmu, Bashir, ya kwana tara a asibiti har ya cika, babu wanda ya sani a cikinmu. Unguwarmu ɗaya, Al Thumama. Masu gadi 'yan Zango ne suka yi masa sutura, ni kuwa a waya na ga hotonsa. Da akwai reshe, da sunansa na cikin rajista, da an neme shi. Wallahi har yau in na bi ta layin su Bashir sai na sunkuyar da kai.

Na uku. Dokarku ta ce ba a sake buɗe reshe sai tsofaffin mambobi uku sun rantsar da sababbi hannu da hannu, a gaban wakilinku. A gida wannan ba komai ba ne. Nan kuwa kana gama karatu izinin zama ya ƙare, khalas, shi ke nan. Wata takwas ina cigiya, mutum ɗaya na samu: Malam Habu, wanda ya ajiye karatu ya kama tuƙi a wata gona a Umm Salal. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai da ya yi hawaye. Yanzu kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya ƙi sabunta masa takardar zama. Juma'a ta sama zai tafi.

Roƙona, ranka ya daɗe: ku karɓi mutum ɗaya a madadin uku, wakilinku ya shaida ta bidiyo. In ba zai yiwu ba, don Allah ku ce a'a, in daina tara mutum goma sha bakwai ina ba su haƙuri.

Malam Habu ya riga ya ɗaure kayansa. Farar riga ɗaya ya bari a waje don ranar rantsuwa, wai ko za ku amsa.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya, ya jiƙan Bashir.

Wassalam.
Nafi'u, Doha.