Fuskar Hasan a Na'urar Masu Tallafi

Bunkure, ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Mudassiru a Legas,

Assalamu alaikum. Ya kasuwa, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Malam Lukmanu ne ke rubuta mini, direban tumatir zai kawo maka. Kar ka ce in kira ka a waya, ba na magana da wanda ban ga idonsa ba.

Tallafin korona da aka yi ta faɗa ya iso, kuɗi da taki. Sunan ubanka marigayi Hasan ya fito, nawa bai fito ba, don ranar da suka zo ɗaukar hoton manoma shi ya tsaya, ni na ƙi. To mutanen gari sun dame ni, wai in je in karɓa tunda mu tagwaye ne, ko uwarmu sai mun yi magana take bambance mu. Na ce musu ni na yi masa wanka da hannuna. Ba zan je ba.

Baffanka,
Usaini.

*

Legas.

Baffa,

Ina gaisuwa a durƙushe. Na ga saƙonka, ban iya cin abinci ba.

Ka san tumatirinmu a kwando ya ruɓe lokacin kulle, ba ni da abin sayen taki. An kusa sakin ruwan noman rani. In ba a shuka alkama a filin Baba ba, dole in ba Alhaji Jaji shi jingina, kuma filin da ya shiga hannunsa ba ya dawowa. Ƙannena Aziza da Ummi daga nan suke ci. Ba sata ba ce Baffa, haƙƙin Baba ne. Sau nawa aka kira ka Hasan a kasuwar Kura ka amsa, kuka dawo gida kuna dariya? Ka ƙara amsawa sau ɗaya, don Allah.

Ɗanka mai biyayya,
Mudassiru.

*

Bunkure, ranar Lahadi.

Mudassiru, Allah ya yi maka albarka.

Kai kake gaya mini darajar filin nan? Tun ba a haƙa hanyar ruwa ba akwai tsamiya a kusurwarsa, a gindinta aka yi mana kaciya. Ranar da motar aikin ta tuge ta, ubanka ya kwana bai ci tuwo ba.

Na je. Na sa hularsa, na bi layi. Yaron da ke rabon ya kira, "Hasan Uba!" Na matsa. Sai ya juyo mini da na'urar da ke hannunsa. Ga ubanka nan a hoto, tsaye a bakin ruwa, tiyon ban ruwa a kafaɗarsa, ya kanne ido ɗaya saboda rana, kamar zai ce, "Usaini, ka makara." Tun da aka sa shi a ƙasa ban ga fuskar nan ba.

Yaron ya ce, "Baba Hasan, ka rame fa. Matso in ɗauke ka hoto."

Na ce, "Ɗana, wannan ya rasu. Ni ne ragowar."

Ya yi mini ta'aziyya, ya danna wani abu, ya ce an cire sunan. Na ce na yafe takin, ya ba ni hoton. Ya ce ai hoton ya tafi tare da sunan. Ubanka bai taɓa yin wani hoto ba, ka sani.

Ka yi fushi in kana so. Ka gaida mutanenmu na can.

Baffanka.

*

Bunkure, ranar Alhamis.

Mudassiru, sallama.

Direba ya dawo har sau biyu babu takardarka. Ba komai.

An saki ruwa jiya. Nawa filin na ba Alhaji Jaji jingina, na sayi taki, na shuka na ubanka. Da safe na sunkuya zan ja ruwa da tiyo, sai na ga fuskarsa a cikin ruwan, ya rame. Na daɗe ban motsa ruwan ba.

In ka zo girbi, ka zo da wayar taka ka ɗauke ni hoto. Su Ummi za su buƙaci ganin fuskar ubansu.

Allah ya sada mu da alheri.

Baffanka,
Usaini.