Ƙwallon Kankana a Goshin Harriet

Zuwa ga Harriet, ɓauren da ya nuna a reshen da hannu ba ya kaiwa, zumar da ƙudan tsauninmu suka kasa yin irinta, iskar teku mai shigowa ta taga a tsakiyar zafi, mai shuɗɗan idanun da suka hana ni sukuni, tuf, tuf, tuf.

Kada ki yaga takardar nan don kin ga waɗannan kalmomi na ƙarshe. Saboda su na zauna rubutu, ni Anestis mai cuku, wanda rabonsa da alƙalami tun yana aikin soja. Na yi manyan baƙaƙe don na san Girkancinki yana tafiya ne kamar jakin Vangelis a hawan dutse. Vangelis ɗin ne ma ya gaya mini kin ɗaure akwatunanki, kin ajiye koyar da yaranmu Turanci, kin ce ya zo ranar Asabar ya kai miki kaya jirgin ruwa. Yana faɗa yana dariya yana zuba mini gahawa a shagonsa, da ba don idon mutane ba da na juye masa ita a wuya. Za ki koma Ingila, ƙasar da rana take fitowa sai ta ga dama, don kawai na tofa miki yawu a gaban jama'a? Haba Harriet! Ki zauna a kan akwatin nan ki karanta har ƙarshe.

Kin tuna ranar da kika fara hawowa gidanmu neman cuku? Kin zauna a gindin ɓaure, kin cire takalmi ɗaya saboda ƙaya, na yanko miki sabo a bakin wuƙa. Kika sa a baki, kika lumshe ido, kika ce, "Lovely." Na tambaye ki ma'anarta, kika ce a ƙasarku haka ake ce wa abin da ya yi kyau har ya kwanta wa mutum a rai. Ranar nan ban san yadda na yi tatsar yamma ba. Na ɗauka kalma ce da mace take ajiyewa a ƙasan akwati, ta fito da ita sau ɗaya a rayuwa. Ashe gishiri ce a wurinku, a komai kuke barbaɗawa! Na ji kin faɗa wa shayi, kin faɗa wa ruwan sama, mai kawo wasiƙa ya miƙa miki takardar da ba taki ba shi ma ya samu. Har ranar da akuyata ta cinye miki hula kin faɗe ta, sai dai da haƙora a cije. Daga nan na gane iri biyu ce, akwai ta zuma akwai ta barkono.

Yanzu ga abin da duk ƙauyen nan ya haɗa baki ya ɓoye miki, don ba a gaya wa baƙo magana mai nauyi. Mu nan ba ma yabon abu tsirara. In ka ce jariri ya yi kyau sai ka tofa sau uku, in ba haka ba mugun ido ya kama shi. In ka yabi jirgin kamun kifin mutum ba ka tofa ba, injin kuma ya mutu, kai za a zo nema. Mai shuɗin ido kuwa, tsofaffinmu sun ce nasa ya fi na kowa kaifi, ko da zuciyarsa fara ce tas. To ki dubi kanki, ya hasken raina, tuf: idanu kamar teku, baki kuma ba ya gajiya da yabo. Kina murmushi kina yi mana ɓarna ba ki sani ba.

Kin yabi gashin bakin Vangelis, washegari wutar murhu ta lashe rabinsa. Kin yabi muryar Fada Gerasimos, mura ta kama shi ana gab da bikin Ista, ya yi mana addu'a da muryar agwagwa. Kin shafa bunsuruna Janar kina yabonsa, wanda ba a taɓa yin uban garke irinsa a tsibirin nan ba, tun daga ranar ya daina kula awaki, sai dai ya hau dutse ya zuba wa teku ido kamar mai tunanin duniya. Mata suka riƙa jefa tawul a kan jarirai in sun hango ki, ke kuma kina mamakin yadda muke tsoron rana. Vangelis kuwa, marar tsoron Allah, ya gayyace ki cin abinci musamman ya zaunar da ke kusa da surukarsa. Kin yabe ta tun daga ɗankwali har takalmi. Tsohuwar nan ta ƙara ƙiba, ta yar da sanda, har yau Vangelis yana cewa idonki ma son kai gare shi.

Inna ta rataya tafarnuwa a ƙofar ɗakin cuku, ta ce da ni, "Anestis ɗana, yarinyar nan ba ta da mugun nufi, amma in ta sake hawowa ka rufe mini kaji." Ni kuwa na ce ba zan zauna ana nuna ki da baki ba, sai na ɗora wa kaina aiki. Me kike tsammani ya sa kullum nake raka ki daga makaranta zuwa gida, ina ɗan ja da baya? Ke ki yaba, ni in juya kai in tofa. Na tofa wa furannin mutane, na tofa wa kyanwa, na tofa wa faɗuwar rana gaba ɗayanta. Maƙogwarona ya bushe har na fara yawo da gorar ruwa. Ke kuma kika ɗauka tari ne yake damuna, kika dafa mini lemun tsami da zuma, kika tsaya a kaina sai da na shanye. Wayyo Harriet! Na fito ceton ƙauye, a hanyar nan ni na kamu, kuma ba wanda ya tofa mini.

Ni ma ina da tawa ƙarar, kuma sai na faɗa. Kin yabi bunsuru, kin yabi surukar Vangelis, amma ni ba ki taɓa duban fuskata kin faɗi kalmar nan ba. Na yi aski. Na shafa man gashi har ƙudaje suka riƙa bi na. Na sayo riga a birni, kika duba kika ce maɓallanta lovely. Maɓallai! Mutumin da ke cikin rigar fa? In kin dube ni sai ki yi shiru, kunnuwanki su yi ja, ki fara zancen iska da hadari. Na rasa ko raini ne ko wani abu dabam, abin kuma yana ci mini rai.

Sai ranar bikin waliyyin ƙauyenmu. Kin zo da koriyar riga, kin shiga rawa tsakanin tsofaffi, kina kuskuren ƙafa kina dariya, gashinki ya kwance ya zubo. Kowa ya zuba miki ido. Ina jin su ta ko'ina: "Kai, ku dubi Baturiyar nan!" "Kamar an zana ta!" Kuma ko mutum ɗaya bai tofa ba, duk bakunansu cike da gasasshen nama. Idon ƙauye guda a kan mace ɗaya! Na ratsa 'yan rawa na zo gabanki da yankan kankana a hannu, na buɗe baki in ce ki zo ki zauna, sai Turancin da na sani duk duniya ya fito da kansa, da ƙarfi, har mai goge ya waigo: "Lovely!" Nan take na ji abin da na yi. Na ɗora miki kalmar da ta lalata Janar. To me kike so in yi? In tsaya ina kallo gashinki ya zube?

Ki sani tofin nan busasshe ne, sauti ne kawai a leɓe, tun ina yaro nake yi ban taɓa jiƙa kowa ba. Kankanar ce ta ci amanata. Na farko ya tafi lafiya, na biyu ya zo da ruwa, na uku ya zo da ƙwallo, ya manne a tsakiyar goshinki baƙi ƙirin. Kiɗa ya tsaya. Kika sa yatsa kika cire shi, kika dube shi, kika dube ni, kika ce, "Lovely." Abin da na daɗe ina jira ya zo, amma irin ta akuya da hula aka ba ni. Kika juya kika fita, tsofaffi kuwa suna tafa mini, don su sun san abin da suka gani.

Abin da suka gani shi ne mutum yana tsoron rasa abu. Wannan ne kaɗai yake sa mu tofa. Inna, wadda ta ɓoye miki kaji, ta ja ni gefe ta ce, "Kai sakarai, a gaban Fada ka tofa mata? Ai ka gama neman aure, saura ka wanke fuska ka je." Da safe ta ɗebo ruwa a kofi, ta ɗiga man zaitun, ta kira sunanki, ta yi addu'ar cire ido tana hamma har da hawaye. Addu'ar nan ba ta yi wa kowa sai 'yan gida, matar ƙanena ma sai da ta haihu ta samu. Ta ce in gaya miki ki zo ki yabi kajin in kina so, ta gaji da ƙwai.

Saboda haka ina roƙon ki, ya inuwar da nake gudowa in rana ta take, tuf, kada ki hau jirgin Asabar. Me za ki je yi can? Ki je ki yabi hazo? Can kowa yana faɗin kalmar nan ba mai waigowa, nan kaɗai take da haƙora, nan kaɗai mutum yake bushe maƙogwaro saboda ita. In kin tafi wa zan raka? Ina son ki, Harriet, son da ya hana ni cin abinci. Cukuna ya fara fitowa da gishiri fiye da kima, masu saye suna cewa ido ne, ni na san ba ido ba ne.

Zan jira ki a gindin ɓaure ranar Asabar, lokacin da jirgi zai busa ƙaho. Zan ajiye kankana a kan tebur, yankakkiya, mai yawan ƙwallo. In haushi kike ji, ki cika baki ki rama, ba zan kauce ba, ƙauye kuma zai fassara shi yadda ya saba. In kuwa shirun nan da jan kunnen nan abin da nake zato ne, ki dube ni ki faɗi kalmar, irin ta zuma, ko sau ɗaya. Gashina ya zube, awaki su ƙafe, in koma kan dutse kusa da Janar. Ba zan tofa ba, ba zan bar kowa ya tofa ba. So nake ta kama ni.

Za ki ga tawada ta jiƙe a wurare da dama. Kada ki ɗauka kuka nake yi kamar samarin birni. Duk inda na yabe ki sai da na tofa, takardar kuma ba ta da ƙwari. Ɗigon da ke nan ƙasa kusa da sunana ne kawai ba tofi ba.

Naki, da gashi ko babu gashi, har ranar da za a kwantar da ni a bayan coci,

Anestis