Agogon Kawu Garba

Dutsin-Ma, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yaya Usaini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta yi albarka, gero har ya fara fitar da kai. Nana Hadiza ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace. Sai dai jikin Kawu Garba, da sauƙi kawai za a ce. Ƙafafun sun kumbura, ko masallaci ya daina fita. A kansa ma na ɗauki alƙalami, don na tafka abin kunya, gara ka ji daga bakina.

Ka san tun da na bar koyarwa na kamu da son tsofaffin agogunan hannu, irin waɗanda ake wanawa, ba ruwansu da batir. A shagon Simeon mai gyaran agogo na haɗu da masu irin ciwona. Mu shida ne, duk Asabar da la'asar kowa ya baje nasa, a kara a kunne a saurari bugunsa. Na ɗauka na yi dacen abokai. Cikin santin hira na ba su labarin agogon Kawu, wanda kakanmu ya sayo a Makka, da yadda Kawu yake wana shi kullum bayan asuba sama da shekara arba'in. Baki shi ke yanka wuya.

Babbanmu, wani Alhaji Jamaluddeen, da ya ji Kawu na kwance sai ya ce ai duba mara lafiya lada ne, mu je gaba ɗaya. Ni kuwa sakarai har da godiya. Muka ɗunguma Rawayau gidan Kawu a motarsa, matarsa Gogo Turai ta shimfiɗa tabarma ta dama fura. Alhajin nan ya kama hannun Kawu na hagu wai yana duba zafin jikinsa, ya ƙi saki, yana jujjuya shi yana karanta rubutun agogon. Baki na addu'a, ido na kan gilashi. Wani ya fiddo waya ya ɗauki hoton hannun, ko fuskar bai kalla ba. Da za mu fita Alhajin ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa Gogo in ta Allah ta kasance kada a sa agogon cikin gado sai an neme shi, ya miƙa mata lambar waya, kuma Kawu yana ji. A hanya yake bugun ƙirji wai rabin agogunansa a gidajen makoki ya samo su kafin sadakar uku, tun magada ba su dawo hayyacinsu ba. Simeon kaɗai ya ce a sauke shi a Kurfi, ya hau mashin. Ni ko tari ban yi ba har gida, kuma wannan shirun nawa ya fi komai ba ni ƙyama.

Na bar zaman nasu, agogunana na zuba su a gwangwani na tura ƙarƙashin gado. Shekaranjiya na koma Rawayau ba da haƙuri. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar Baba, ya sa ni makaranta, yana ganina ya janye hannunsa na hagu ya cusa cikin bargo. Ya ce da ni a hankali in ƙara haƙuri, bai mutu ba tukuna.

Kai yake jin maganarka. Don girman Allah ka kira shi a makon nan, kada ka bari sai ka zo Sallah. Ban san kwana nawa suka rage masa ba, kuma ba na son ya tafi yana zaton ni ma jiransa nake.

Ka gaishe min da Hajiya Rukayya, da Misbahu, da Khadijatul Kubra. Dada tana gaishe ku duka.

Ƙanenka,
Badamasi