Wasiƙar Da Na Sa A Murhu A Kawo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni tsohuwa ce, abin nan ya daɗe yana cina.

A shekarun saba'in, bayan an koma tuƙi ta hannun dama, muna haya a Kawo, maigidana direba ne a ma'aikatar gwamnati. Shi ne babban ɗan Sarkin Maƙeran garinsu, sarautar gado ce tun kakanni. Al'adarsu, idan mai riƙe da ita ya tsufa, da hannunsa yake miƙa wa magajinsa masaba, wato gudumar ƙira, a gaban dattawa, kuma ɗakin da ta shiga nan take zama.

Wata rana maigida ya tafi rangadi da ogansa, sai na tsinci wasiƙa an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Lokacin na fara iya haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, sai na buɗe. Baba, mahaifin maigidana, shi ya sa aka rubuta, wai ɗansa ya zo kafin Juma'a biyu ya karɓi masaba. Na dubi yarana uku da suka fara makaranta, na tuna garin ko asibiti babu, ga shi a can na binne ɗiyata ta fari. Na sa takardar a murhu.

Baba ya jira shiru, ya ɗauka ɗansa ya raina sana'ar gidansu, ya ba ƙanin maigidana masabar. Da rigima ta tashi ƙanin ya rantse sun aiko, maigida ya tambaye ni, na ce ban ga komai ba. Bai sake tambayata ba, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Har ya rasu ba ya cin abinci a gidan ɗan'uwansa.

To yanzu ƙanin ma ya rasu, za a naɗa ɗansa. Babban ɗana ya tara 'yan uwa zai kai ƙara gaban hakimi ranar Litinin, wai an yi wa ubansa ƙwace. Jiya ya durƙusa gabana ya ce, Inna, ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka ga abin, ke ce shaidata. Na ce masa kaina na ciwo.

In na yi shiru zan sake zaluntar bayin Allah da ba su ci hakkin kowa ba. In na faɗa, ban san da wane ido yaron nan zai ƙara dubana ba. Shi zan fara kira ɗaki, ko gidan marigayin zan fara zuwa neman gafara? Yau Alhamis.